Makaɗa Ɗari da Algaitar Kakana

A daren wata Asabar cikin zangon karatun da ya wuce, bayan sallar isha'i, malaminmu na tarihi ya tara mu a babban ɗakin taro ya ce zai nuna mana majigi. Duk mun zaci ƙwallo ne ko fim ɗin faɗa. Da aka kunna sai muka ga Turawa kusan ɗari, maza da mata, sanye da baƙaƙen kaya, kowa riƙe da abin kiɗa ko na busa, ga wani dattijo tsaye a gabansu yana kaɗa ɗan siririn sanda. Wasu suka yi tsaki, wasu suka fara gyangyaɗi. Ni kuwa na kasa ɗauke ido, domin abin ya tuna mini da kakana na wajen uwa a Kafin Hausa. Daga baya na yi ta damun malam da tambayoyi, har ya ara mini littafi. Abin da na fahimta shi ne zan bayyana a nan.

Wannan irin ƙungiya ita ake kira okestira. Babba daga cikinta takan ƙunshi makaɗa 70 zuwa 100, kuma an kasa su kashi huɗu. Kashi na farko, wanda ya fi yawa, masu goge ne. Gogen nasu iri huɗu ne, daga ƙarami da ake ɗorawa a kafaɗa har zuwa wani ƙato da ya kai tsayin mutum, kuma kowanne yana da tsirkiya huɗu, ba ɗaya irin namu ba. Kashi na biyu masu busa sarewa ne da danginta. A cikinsu akwai wata aba mai suna obo, wadda 'yar'uwar algaita ce, don duka biyun ta ɗan tsagaggen kara ake hura musu iska. Kashi na uku masu busa ƙahonin tagulla ne, dangin kakaki ke nan, sai dai nasu an nannaɗe shi. Na huɗu su ne masu ganguna, suna can baya, kuma manyan gangunansu masu kama da ƙwarya sun yi kama da tambari ƙwarai. Kafin a fara, mai obo yakan busa murya guda, kowa ya daidaita kayansa da ita.

Dattijon nan mai sanda shi ne jagora. Ba ya kiɗa, ba ya busa, ba ya waƙa, amma duk idanu suna kansa. Da hannun dama yake nuna saurin kiɗan, da na hagu kuma yake nuna wa za ya shigo, wa zai sassauta, wa zai ƙara ƙarfi. Abin da suke kaɗawa duk a rubuce yake a gaban kowa, a kan layuka biyar-biyar masu ɗauke da baƙaƙen ɗigo. Dogon kiɗan da aka tsara domin dukan ƙungiyar shi ake kira simfoni, kuma galibi kashi huɗu ne: mai sauri, mai sanyi, mai kama da na rawa, sannan na rufewa. 'Yan kallo suna zaune shiru kamar a ɗakin jarrabawa. Babu liƙi, babu guɗa, babu mai tashi ya taka. Sai an kai ƙarshe ake tafi.

Kamar yadda ake da kakar wasan ƙwallo, haka su ma suke da kakar kiɗa. A Turai da Amurka takan fara wajen Satumba ko Oktoba ta ƙare wajen Mayu ko Yuni. Tun watanni kafin lokacin ake buga jadawali: ranar kaza za a yi kiɗan wane, wane ne zai jagoranta, wane ne baƙo. Mutum yana iya sayen tikitin dare ɗaya, ko ya biya kuɗin kujerarsa na kakar gaba ɗaya.

Baƙin nan iri biyu ne. Akwai gwanin makaɗi, mai goge ko mai fiyano ko mai zaƙin murya, da ake gayyatowa daga wata ƙasa ya zo gaba ya nuna bajintarsa, sauran suna raka shi kamar 'yan amshi. Akwai kuma baƙon jagora. Da farko na yi mamaki, na ce tun da kiɗan a rubuce yake, mene ne amfanin canza mai sanda? Malam ya ce in tuna da mata biyu da aka ba kuka ɗaya da daddawa ɗaya, amma miyarsu ta sha bamban. Takarda ta faɗi abin da za a kaɗa, amma jagora ne yake yanke yawan sauri da yawan ƙarfi da inda za a ja numfashi. Babbar ƙungiyar birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wadda aka kafa a 1842, tun 1933 ba ta da jagora na dindindin, baƙi take gayyata. Ita ce muka gani a majigin, a bikin kiɗan da take yi kowace ranar 1 ga Janairu. A nan Nijeriya ma akwai irin wannan a Legas, ƙarƙashin ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983. Wani ɗan ƙasar nan kuma, Fela Sowande, wanda ya rasu a 1987, ya ɗauki waƙoƙin Afirka ta Yamma ya tsara su domin masu gogen okestira.

To, yanzu bari in dawo gida. Kakana mai busa algaita ne, gadonsa ne kaka da kakanni. Shekaru da yawa yana bin hakimi daga Kafin Hausa zuwa Haɗeja duk lokacin hawan Salla. Da na zauna na yi tunani sai na ga ashe mu ma muna da namu tsarin, kuma ba ƙarami ba ne. A fadar sarki akwai masu tambari, akwai masu kakaki, akwai masu algaita da masu gangar da ke raka su, akwai masu ƙaho, ga maroƙa masu kirari, ga mawaƙa da kotso ko taushi. Kowane rukuni da shugabansa mai sarauta, kamar Sarkin Tambari da Sarkin Kakaki da Sanƙira. Kowa ya san wurin tsayuwarsa da lokacin shigarsa. Tambari na sarki ne, ba a buga wa kowa shi. Kakaki ma ba a busa wa talaka komai dukiyarsa. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake busa kakaki a fadar Kano. Ke nan kakakinmu ya girmi ƙungiyar Biyana da shekara fiye da ɗari uku.

Kakar kiɗa ma muna da ita, sai dai wata ne yake tsara mana ita. Akwai Ƙaramar Salla da Babbar Salla, akwai naɗin sarauta, akwai tarbar manyan baƙi, kuma a fadodi da dama akan yi kiɗa da busa a ƙofar fada a daren Juma'a. A Kano hawan Salla kwanaki yake ɗauka, har da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, kuma a Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Baƙin gwanaye ma mun san su. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya zaga fadodi da yawa da kotsonsa yana yi wa sarakuna waƙa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, babu lungun ƙasar Hausa da kalangunsa bai shiga ba.

Amma ga inda muka rabu da su. Baƙon jagora yakan sauka a garin da bai san kowa ba, ya yi gwaji da makaɗan kwana biyu ko uku, su fito su yi kiɗan awa biyu ba tuntuɓe, domin takarda ɗaya suke karantawa. Shata kuwa duk inda za shi sai ya tafi da masu kalangunsa da 'yan amshinsa, don abin a kansu yake. Beethoven, wani Bajamushe da ya tsara simfoni tara, ya kurmance kafin ya gama na taran. An fara kaɗa shi a Biyana a 1824, shi kuma ya rasu a 1827, amma har yau ana kaɗa shi a Japan da Amurka da sauran ƙasashe, saboda ya bar shi a rubuce. Su Shata da Ɗanƙwairo sun yi sa'a, rediyo da kaset sun riƙe muryoyinsu. Masu busa irin kakana fa?

Abin da algaita take busawa ba sauti ne kawai ba, magana ce. Kowane basarake yana da takensa, kuma wanda ya sani yana jin busa daga nesa zai ce ga wane nan tafe. Kakana ya san taken sarakuna da hakimai da dagatai masu yawa, har da na waɗanda suka rasu tun kafin a haifi mahaifiyata. Ya iya hura algaita ba tare da sautin ya yanke ba, yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci. Yanzu haƙoransa sun zube, numfashinsa ya ragu, algaitar tana rataye a ɗaki cikin tsumma. Cikin kawunnena ɗaya direba ne, ɗaya tela, ɗaya malamin firamare. Babu wanda ya koya. Ni ma ba zan ɓoye ba, a shekarata ta farko a makarantar nan wani ya kira ni jikan maroƙi a ɗakin kwana, aka yi ta dariya, daga ranar ban sake faɗin sana'ar gidanmu ba. A hutun da ya wuce kakana ya ce mini, "Ɗan nan, kawo wayar babanka in yi maka ko da baki ne, kafin in tafi da su." Na ce masa sai gobe, na tafi kallon ƙwallo. Har hutu ya ƙare goben ba ta zo ba. Daren da na ga Turawan nan sun cika ɗaki suna sauraron mai obo cikin girmamawa, kunya ta hana ni barci.

Ba ina cewa mu ajiye littattafanmu mu rungumi ganga ba ne, kuma na san iyaye da yawa ba za su so ɗansu ya zama makaɗi ba. Roƙona bai kai nan ba. Na farko, duk ɗalibin da yake da tsoho mai busa ko mai kiɗan fada a gidansu ko a unguwarsu, ya je da ladabi a wannan hutu ya ɗauki sautinsa a waya, ya rubuta a littafi: wannan taken wane ne, me yake cewa, a wane lokaci ake busa shi, wa ya koya masa. Na biyu, ƙungiyar Hausa ta makarantarmu ta tattara waɗannan a ajiye a laburare. Na uku, ina roƙon shugaban makaranta, idan ranar rabon kyaututtuka ta zo, a gayyato ɗaya daga cikin dattawan nan a matsayin baƙo, a ba shi kujera a gaba, mu yi shiru mu saurare shi ya yi mana bayani. Ga jami'a a Kafin Hausa, wataƙila wata rana malamanta su nemi abin da muka tara.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai na riga na sayi sabon littafi mai shafi 80, kuma ranar da aka ba da hutu, kafin in cire kayan makaranta, ɗakin kakana zan fara shiga. Allah ya sa in same shi lafiya, ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya, amin.