BABI NA UKU: TURERENIYAR HANNU A WASAN TAICI DA AMFANINTA WAJEN FAƊA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren wasannin kare kai na ƙasar Sin. A wannan babi kuwa za a dubi wani sashe na horon da ake yi a wasan Taici, wanda Sinawa ke kira tui shou, wato turereniyar hannu. Za a kawo yadda ake gudanar da ita, sannan a yi nazarin tambayar da ta daɗe tana jawo gardama tsakanin masu wasan, wato ko wanda ya ƙware a turereniyar hannu zai iya kare kansa idan faɗan gaske ya taso.

3.1 Taƙaitaccen Tarihi

Mafi yawan masana tarihi sun tafi a kan cewa Taici ya samo asali ne a ƙauyen Chenjiagou da ke lardin Henan, cikin ƙarni na 17, a hannun wani tsohon soja mai suna Chen Wangting. A wannan ƙauye ne Yang Luchan (1799-1872) ya koyi wasan a wurin Chen Changxing, daga baya ya kai shi birnin Beijing, inda ya yi suna a fagen karawa. Jikansa, Yang Chengfu (1883-1936), shi ne ya sassauta motsin wasan, ta yadda tsofaffi da marasa ƙarfi za su iya yi. A shekarar 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta fitar da gajeren tsari mai motsi 24 domin inganta lafiyar jama'a, a shekarar 2020 kuma hukumar UNESCO ta sanya Taici cikin jerin al'adun gado na duniya. Ke nan, wasan da aka ƙirƙiro domin faɗa ya rikiɗe a hankali ya zama hanyar motsa jiki a wurin akasarin masu yin sa.

3.2 Yadda Ake Turereniyar Hannu

Horon Taici na gargajiya yana da matakai uku. Na farko shi ne jerin motsin da mutum ke yi shi kaɗai, na biyu turereniyar hannu, na uku kuma sakakken faɗa, wanda ake kira sanshou. Saboda haka turereniyar hannu gada ce tsakanin matakin farko da na ƙarshe.

Mutum biyu ne suke fuskantar juna, kowa ya sa ƙafa ɗaya a gaba, su haɗa tsintsiyar hannu. Ɗaya zai turo hannu zuwa ƙirjin ɗan'uwansa, shi kuwa sai ya mai da nauyinsa ƙafar baya, ya murɗa ƙugu, turin ya wuce ta gefe, sannan shi ma ya rama. Haka za su yi ta yi, hannuwansu na kewayawa ba tare da sun rabu ba. Ana farawa da hannu ɗaya a tsaye cik, sai hannu biyu, sai a shigo da taku gaba da baya, daga nan a kai ga matakin da ake kira da lu, inda ake takawa zuwa kusurwoyi ana fizga ana bangaza. Wanda ya fara gocewa daga tsayuwarsa shi aka ci.

3.3 Dabaru Takwas da Sauraron Ƙarfi

Akwai dabaru takwas da ake koyo a wannan horo, kamar haka:

(a) Peng: tokare turi da damtse, jiki na lanƙwasa yana dawowa kamar ƙwallon da aka cika da iska.
(b) Lu: jan turin abokin karawa a wuce da shi gefe.
(c) Ji: matse shi da damtse, ɗaya hannun na ƙara ƙarfi daga ciki.
(d) An: turawa da tafin hannu biyu.
(e) Cai: fizgar hannunsa ƙasa.
(f) Lie: murɗa shi ta fuskoki biyu masu saɓawa da juna.
(g) Zhou: amfani da gwiwar hannu.
(h) Kao: bangaza da kafaɗa ko baya.

Idan aka haɗa waɗannan da nau'o'in taku biyar, su ne ake kira tsayuwa 13, waɗanda su ne ginshiƙin Taici.

Sai dai abin da malaman wasan suka fi ba muhimmanci shi ne ting jin, wato sauraron ƙarfi. Ma'anarsa ita ce mutum ya gane, ta hanyar taɓawar fata da fata, inda abokin karawarsa ya ɗora nauyinsa da inda yake shirin turawa, tun kafin ido ya gani. Kurakurai biyu ne ake hana ɗalibi. Na ɗaya tirjewa, domin idan ƙarfi ya haɗu da ƙarfi mai girman jiki ne zai yi nasara. Na biyu rabuwa da hannun abokin karawa, domin da zarar an rabu an daina jin abin da yake shiryawa. Alal misali, idan wani ya turo da dukkan ƙarfinsa, sai gwani ya ba shi hanya, nauyinsa ya zarce ƙafarsa ta gaba, a daidai lokacin nan ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi ƙasa.

3.4 Matsayinta a Fagen Faɗa

Babu shakka turereniyar hannu tana da amfani idan faɗa ya kai ga riƙe-riƙe. Tana koya wa mutum tsayuwa da gindinsa, da sakin jiki lokacin da ake jijjiga shi, da kayar da wani ba tare da ɓarnar ƙarfi ba. A nan ta yi kama da kokawa, inda ɗan kokawa ke jiran nauyin abokin karawarsa ya koma ƙafa ɗaya kafin ya yi masa kayi.

Amma kuma akwai abubuwa uku da wannan horo bai tanada ba. Na farko, ana fara shi ne hannu na taɓa hannu, alhali faɗan gaske daga nesa yake farawa, kuma maharin ba zai miƙo hannu a riƙe ba. Na biyu, ba a naushi a fuska ko shuri, don haka ɗalibi ba ya sabawa da kare kai daga duka, balle jure zafinsa. Na uku, yawanci abokan horo almajiran malami ɗaya ne masu bin ƙa'ida ɗaya, sukan ma faɗi da gangan domin girmama malaminsu, abin da kan sa malamin ya ɗauka yana da ƙarfin da ba shi da shi.

Karawar da aka yi a bainar jama'a ta tabbatar da haka. A watan Janairun 1954, a birnin Makau, Wu Gongyi, jagoran Taici na gidan Wu, wanda ya haura shekara 50 a lokacin, ya kara da Chen Kefu, gwanin wani salon faɗa na daban. An tsayar da wasan a zagaye na biyu ba tare da an ba kowa nasara ba, kuma hoton fim ɗin da aka ɗauka ya nuna naushi ne ya fi yawa, da ƙyar ake ganin alamar turereniyar hannu. A watan Afrilun 2017, a birnin Chengdu, Xu Xiaodong, mai yin faɗan zamani da ake haɗa dambe da kokawa da shuri, ya buge wani malamin Taici mai suna Wei Lei cikin 'yan daƙiƙoƙi. Haka kuma a watan Mayun 2020 wani ɗan dambe wanda ba ƙwararre ba ya kayar da Ma Baoguo har sau uku cikin kimanin rabin minti. A karawa biyun ƙarshe naushi ne ya gama da malaman tun ba su sami damar riƙe abokan karawarsu ba.

Wajibi ne a lura cewa Wei Lei da Ma Baoguo kowannensu salon kansa ya ƙirƙira, don haka ba za a yanke wa Taici baki ɗaya hukunci da su ba. Abin da faɗuwarsu ta nuna shi ne haɗarin tsayawa a mataki na biyu a bar na uku.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa turereniyar hannu horo ne na sauraron ƙarfi da kiyaye tsayuwa, kuma amfaninta yana bayyana ne bayan jiki ya haɗu da jiki. Mai neman lafiya da natsuwa za ta wadatar da shi. Mai neman kare kansa kuwa sai ya haɗa ta da sakakken faɗa, inda zai koyi auna tazara da kauce wa duka a gaban wanda ba ya raga masa. A babi na gaba za a yi bayani a kan sanshou da ƙa'idojinsa.