Ƙirƙirar Suna ga Tallan da Ba a Nema Ba a Kafofin Sada Zumunta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da ke fuskantar masu tsara manhajar Hausa akwai rashin tsayayyen suna ga wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a kafofin sada zumunta, wato mutum ya riƙa cusa tallan kansa ko na hajarsa cikin zauren da ba don haka aka buɗe shi ba. Muddin ba a tsayar da suna ba, kowane marubucin littafin makaranta zai yi gaban kansa, ɗalibi kuwa ya tashi da sunaye barkatai. Wannan sashe zai duba asalin kalmar a Ingilishi, ya auna kalmomin da muke da su, sannan ya ba da shawara.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, spam, asalinta sunan wani naman gwangwani ne da kamfanin Hormel na Amurka ya fitar a 1937. A 1970 'yan wasan barkwanci na Monty Python a Ingila suka yi wani wasa inda aka yi ta nanata sunan har ya danne kowace magana. Daga nan ma'anar ta koma kan saƙon da ke cika wuri ba da gayyata ba. Saƙo na farko irin wannan da aka fi ambata shi ne wanda Gary Thuerk ya aika wa mutane kusan 400 a 1978. Masu Faransanci a Kanada ba su ari kalmar ba, sai suka ƙera pourriel daga kalmominsu na kwandon shara da wasiƙar intanet. Nijeriya ma ta san matsalar, domin a 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da lambar 2442 don toshe saƙonnin talla a waya. A shekarar ce kuma Facebook ya shigar da Hausa cikin harsunansa.

3.0 Abin da Kasuwa ke Koyarwa

Mun zaɓi Kasuwar Kure ta Minna a matsayin ma'auni. Kasuwar, wadda ke ɗauke da sunan Injiniya Abdulƙadir Kure, gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007, mahaɗa ce ta Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo, kuma Hausa na cikin manyan harsunan cinikinta. Kalmar da ta zauna a bakin wanda Hausa harshensa ne na biyu ta ci jarrabawa.

A kasuwa talla ba aibi ba ne. Mai atamfa da ya ce "Hajiya, ƙaraso ki gani" yana kan sana'arsa, domin wanda ya shigo kasuwa ya amince a kira shi. Amma wanda ya riƙe wa mutum riga, ko ya kai hajarsa wurin zaman makoki, ya ƙetare iyaka. Haka abin yake a zauren WhatsApp na iyayen yara idan wani ya cika shi da hotunan takalma. Saboda haka sunan da muke nema dole ya ƙunshi abubuwa 3: talla ne, ba a nema ba, kuma ba a muhallinsa yake ba.

4.0 Auna Kalmomi

Talla kaɗai ba ta wadatar ba, kuma amfani da ita zai shafa wa 'yan kasuwa na ƙwarai kashin kaji. Yabon kai, wanda karin magana ta kira jahilci, ya kama halin mai yin amma ya bar haja a waje. Kutse ta riga ta tafi ga masu fasa asusun mutane a intanet. Shisshigi da katsalandan sun fi dacewa da tsoma baki cikin sha'anin wani. Aron kalmar Ingilishin kuwa, ko da an gyara ta zuwa sifam, ba zai faɗa wa ɗalibi komai ba.

Hausa ta saba raɗa suna ta hanyar siffantawa, kamar tafi-da-gidanka da a-daidaita-sahu da yanar gizo. Bisa wannan tafarki muke ba da shawarar tallan cushe. Cushe daga cusa take, kuma ta yi tashe a 2016 lokacin taƙaddamar cushe a kasafin kuɗin tarayya, da ma'anar abin da aka tura inda ba hurumi. Bahaushe ma yana cewa cusa kai ba kwarjini. Kalmar tana haihuwa: ɗan cushe, 'yar cushe, 'yan cushe, ya yi mana cushe. Da yake talla na zuwa namiji ko mace bisa karin harshe, za a ji tallar cushe, wannan kuwa ba kuskure ba ne.

5.0 Shawarwari

Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya nuna cewa kalma na kafuwa ne idan malamai suka yi ittifaƙi a kanta. Don haka muna ba da shawarar a fara gwada tallan cushe a kan 'yan kasuwar Kure ba tare da an fassara musu ba, a ji abin da suka fahimta. Idan ta karɓu, a shigar da ita darasin ƙirar kalma da na tarbiyyar sadarwa a babbar sakandare, malami ya ba ɗalibai saƙonni su ware tallan halas daga na cushe.