Shan Ɓoye, Ciwon Ɓoye

Tun ranar 27 ga Janairu, 2000, da shari'a ta fara aiki a Zamfara zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka rufe mashayu, aka tanadi bulala 80 ga Musulmin da aka kama ya sha giya. Wuraren sha sun rufu, amma ba duk mai sha ne ya tuba ba. Daga Gusau zuwa Tsafe, Bunguɗu da Magami, wanda bai daina ba ya koma ɓoye ne, kuma ɓoyon nan yana da tasa ɓarnar.

Mai shan ɓoye ba ya neman babbar kwalba. 'Yar leda yake nema wadda za ta shige aljihu, ko ogogoro a gorar ruwa, ya kwankwaɗe a tsaye kafin ido ya gan shi. Waɗannan 'yan ledoji sun ninka giyar kwalba ƙarfi sau da yawa, ga araha, har yaro na iya saye. Shi ya sa hukumar NAFDAC ta sanar da haramta su a Fabrairun 2024, ko da yake an yi ta ja-in-ja da kamfanoni. Ita kuwa ogogoro haɗin gida ce, ba wanda ya auna ta. A 2015 ogogoro mai gubar metanol ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Gubar kan fara da dushewar gani, daga nan makanta ko mutuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya na jawo mutuwar mutum kusan miliyan 2.6 a shekara. Amma abin da ya fi damuna shi ne hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba. Zuba giya a kan irin wannan hanta tamkar zuba fetur ne a kan garwashi. Sannu a hankali ido ya yi ɗorawa, ƙafa ta kumbura, ciki ya cika da ruwa. Gida sai a ce shawara ce, a dafa sassaƙe, a yi ta ɗura masa. In ma an kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, likita ya tambaya, "Malam, kana taɓa sha?" sai ya dubi ƙaninsa da ke riƙe da kati, ya ce, "A'uzubillahi!" Wannan amsar kaɗai tana iya karkatar da magani.

Uwargida kuwa ta daɗe da sani. Ta ga buhun dawa yana raguwa tun kafin bazara, ta ji warin, ta sha mari, ta yi shiru don kada a yi wa 'ya'yanta gori ranar neman aure.

Akwai abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba. Wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya yanke ta rana ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kama karkarwa, zufa, gane-gane, har jijjiga irin ta farfaɗiya. Sai a ce iska ce ta buge shi. Ba iska ba ce, kuma tana kisa. Irin wannan mutum a gaban likita ya kamata ya daina, in daga ƙauye ne a shirya tafiya asibiti da rana tsaka, domin hanyar Magami zuwa Gusau, a halin tsaron da ake ciki, ba ta biyuwa da dare.