"Netwok ne" ba amsa ba ce: me ke kayar da rumbun bayanai?

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a watan Fabrairun 2023 ba zai manta ba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma turansifa. Ga dilar atamfa an ɗaure, an cire wa mai saye kuɗi, amma alat bai shigo wa mai shago ba. Amsa ɗaya kowa ke bayarwa: "Netwok ne."

To amma ba kullum laifin layin waya ba ne. A bayan kowace manhajar banki akwai babbar kwamfuta, wato saba, mai riƙe da rumbun bayanai, kamar dai littafin bashin shago. Idan ta faɗi, ciniki ya tsaya, ko da sabis ɗinka ya cika.

Yaya masana ke gano musabbabi? Ba da kashewa da kunnawa suke farawa ba. Sukan fara buɗe log, wato rubutun da na'urar ke yi na duk abin da ya faru da lokacinsa, su duba mintunan ƙarshe kafin faɗuwar. Sannan tambayoyi huɗu. Ma'adana ta cika ne? Ƙwaƙwalwar RAM ta ƙare har na'urar ta kashe manhajar da kanta? Masu shiga lokaci guda sun fi ƙarfinta? Ko wani ne ya taɓa wani abu?

Ta ƙarshen nan ita ce mai zafi. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai a kan sabar da ba ita ya nufa ba, aka yi asarar bayanan kusan awa 6. Kamfanin bai ce netwok ba ne, ya fito fili ya bayyana kuskuren.

Saboda haka ɗan'uwa, idan kai ne ke riƙe wa Alhaji kwamfutar shago mai lissafin kaya da na bashi, ranar da ta ƙi buɗewa kada ka yi gaggawar kai ta a yi mata fomat. Ɗauki hoton saƙon da ta nuna, ka rubuta lokaci, ka tuna abin da aka yi na ƙarshe: an ɗauke wuta ne, ko an sa sabuwar manhaja? Kuma tun yau ka riƙa ajiye kwafi a filash. Bashin miliyoyi yana iya tafiya da dannawa ɗaya.