Jinjirin Da Ya Saba Da Ƙwaya Tun Yana Ciki

Masu gida da iyaye mata na ƙasar Batsari da Safana, ku saurara. Abin da mace mai ciki ta sha, ɗan cikinta ma ya sha, gama jininta ne ke kai masa abinci ta cibiya. In tana shan tiramol ko maganin tari mai kodin kullum, jikin ɗan sai ya saba da su. Ran da aka yanke cibiya, an yanke masa ƙwayar ke nan farat ɗaya.

Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma wannan bai raba kowa da shi ba. Mata da yawa ba don shashanci suka fara ba. Ciwon baya ne, ko gajiyar daka, ko rashin barci saboda fargaba, wata ta miƙo ƙwaya ɗaya, har abin ya kama jiki.

Ciwon yakan bayyana daga kwana 1 zuwa 3 bayan haihuwa, wani lokaci ya ɗan jinkirta. Za ku ji kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya tsai da shi. Hannuwa da ƙafafu suna karkarwa, ga yawan atishawa da hamma da gumi. Yana neman nono da zafi, amma ya kasa kamawa sosai. Sai amai da zawo su biyo, su ne ke tsotse shi. In abin ya tsananta har ya yi jijjiga. Wannan ba iska ba ce, ba kuwa mayu ba.

Ku kai shi asibiti ran nan, kada ku jira a yi suna. Akwai babban asibiti a Batsari da Dutsin-Ma, in ya fi ƙarfinsu su tura ku Katsina. Dole a duba shi, domin zazzaɓin jarirai da ciwon sandarewa mai shiga ta cibiya suna kama da wannan, kowanne kuwa maganinsa dabam. Uwa ta gaya wa likita gaskiyar abin da take sha, da yawansa. Ba alƙali ba ne, ba zai kai maganar gida ba.

Rabin maganin yana hannun uwa. A naɗe jinjiri da zane mai laushi, ta rungume shi a ƙirjinta fata da fata, cikin ɗaki mai ɗan duhu. 'Yan barka su yi haƙuri, karɓa-karɓa da hayaniya suna ƙara masa karkarwa. A ba shi nono kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Amma in uwa tana kan shan ƙwayar, likita ne zai faɗi yadda za a shayar, don tana fita a nono, tana iya danne numfashin yaro.

In wannan bai isa ba, likita zai ɗiga masa maganin da aka auna da nauyinsa, yana ragewa a hankali har jikin ya saki, cikin kwanaki ko 'yan makonni. Kada wani ya kwaikwayi wannan a gida. Lasa wa jinjiri kodin don ya yi barci yana iya kashe shi. Dauri da jiƙo ma a ajiye su.

Ke kuma mai ciki, kada ki bar ƙwayar dare ɗaya da kanki, yin haka yana jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Ki zo awo tun da wuri, ki faɗa mana a keɓe, a shirya miki haihuwa a asibiti. Maigida, kai za ka ba ta izini da kuɗin mota.