Robar Farfela ko Kuros: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa

Land Rover Discovery da ta fito a 1989 daga masana'antar Solihull a Ingila, farfelarta ta baya kuros biyu gare ta, ɗaya a kowane kai, kamar sauran 'yan gidansu. Da aka sabunta motar a 1994, lokacin da injin 300Tdi ya shigo, sai aka cire kuros na wajen aksil ɗin baya aka sa wani faifan roba mai kauri, wanda ake kira Rotoflex. Haka aka ci gaba a Discovery ta biyu, daga 1998 zuwa 2004. Tun daga nan masu shiga daji da waɗannan motoci suke ta mayar da su tsarin da, kuma aikin ya zama ruwan dare har ana sayar da kayansa a haɗe. Sai dai da yawa na yin sa ne da tunanin cewa ƙarfe ya fi roba, shi ke nan. Maganar ta wuce haka.

Faifan yana da huda shida. Ƙusoshi uku suna ɗaure shi da farfela, uku kuma da kan aksil, a tsallake juna, ta yadda ƙarfe ba ya tura ƙarfe kai tsaye. Duk ƙarfin injin da ke zuwa baya sai ya ratsa ta cikin roba da zaren da aka saƙa a cikinta kafin ya isa tayoyin baya. A tsakiya akwai wani ɗan turke da ke shiga bakin farfela don ta riƙa juyawa a saiti. Amfanin wannan tsari a fili yake: robar gammo ce tsakanin kaya da kai. Tana shanye fizgar da ke zuwa idan an saki kuloci ko an ɗaga ƙafa daga totur, tana rage gurnanin injin dizal da ƙugin aksil da ke shigowa cikin mota. Ba ta neman giris. Kamfanin yana son motar da iyali za su yi doguwar tafiya a kwalta ba tare da kunne ya gaji ba, kuma robar ta biya wannan buƙata.

Rauninta shi ne ba ta son lanƙwasa. Ɗan karkata kaɗan take iya ɗauka. Idan aka ɗaga mota da dogayen sifirin, ko da inci 2 ne, aksil ya yi nisa da jikin mota, farfela ta ƙara gangara, sai robar ta riƙa miƙewa tana tsukewa a kowane juyi. Ta yi zafi, ta tsattsage a gefen ƙusoshi, zare ya fara leƙowa. Ƙara manyan tayoyi, da hawan dutse a ƙaramin giya, da man da ke ɗiga daga aksil yana jiƙa ta, da zafin rana irin na ƙasashenmu, sai kwananta ya ƙare da wuri. Robar jabu kuwa ba ta ma kai ko'ina ba.

Kuros ba shi da wannan matsala, domin don lanƙwasa aka yi shi. Ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu sanye da kofi cike da siraran allurai na boris. Hannu biyu suna riƙe da cokalin farfela, biyu suna riƙe da na aksil, sai ya zama sandunan biyu suna iya karkacewa juna alhali suna juyawa tare. Amma yana da wani hali da masanin Ingila Robert Hooke ya gano tun ƙarni na 17: idan akwai kwana tsakanin sandunan, na biyun ba ya juyawa da gudu ɗaya. A kowane zagaye sai ya yi sauri sau biyu, ya ja baya sau biyu. A kwanar digiri 10 bambancin kusan kashi 1.5 cikin 100 ne sama da ƙasa. A digiri 30 ya kai wajen kashi 15. Ido ba ya ganin wannan, amma a gudun babbar hanya kujera tana ji, boris na ji.

Maganinsa shi ne kuros na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla, kuma sharaɗi biyu ne. Cokulan da ke kawunan farfelar baya su kasance a layi ɗaya, sannan kwanar da ke gaba ta yi daidai da ta baya, ko kusa da haka. Farfela gida biyu ce mai zamewa cikin juna, don ta tsawaita ta gajarce yayin da aksil ke hawa da sauka. Idan bakanike ya zare ta ya mayar da haƙori ɗaya a kuskure, mota za ta riƙa rawa, a yi ta canza taya ana neman laifin a inda ba ya nan. Shi ya sa ake yi mata alama kafin a raba ta. A nan ne nake ganin mafi yawan masu wannan aiki suke gaggawa: sun sayi ƙarfe mai kyau, amma ba wanda ya auna kwana. Motar da aka ɗaga sosai, wani lokaci sai an gyara hannayen da ke riƙe aksil don bakinsa ya koma inda ya dace, ko a sa farfela mai tagwayen kuros a kai ɗaya, irin wadda Discovery ta biyu take da ita a gaba.

Aikin kansa ba shi da tsawo. Ba a walda kuros a tsohuwar farfela. Ana samo wata ce mai kuros biyu, irin ta Discovery ta farko mai injin 200Tdi, a gwada tsawonta da kyau a jikin motar. Sai a sauke tsohuwar da robarta, a zaro turken nan na tsakiya, wanda shi ne ya fi ba da wahala don matse shi aka yi, kuma shi ya rufe abin da ke ɗaure kan aksil. A cire kan mai huda uku, a sa mai huda huɗu wanda haƙoransa suka dace da na aksil ɗin, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Tunda wurin a buɗe yake, a canza robar tare mai, kada a jira ta fara yoyo. A ɗaure da ma'aunin ƙarfi yadda littafin motar ya faɗa, a sa sabbin notoci masu kulle kansu.

Abu ɗaya da ba na so kowa ya manta: birkin hannu na waɗannan motoci ba a taya yake ba. Ganga ce a bayan akwatin raba ƙarfi, farfelar baya take kamawa. Da zarar an kwance farfelar, ba a dogara da birkin hannu ko giya su riƙe mota, ga kuma mutum kwance a ƙarƙashi. A sa waigi a tayoyi gaba da baya kafin a taɓa sifana.

Bayan an gama, mai mota zai ji bambanci. Ƙarar "kas" idan an saki kuloci takan fito fili, domin duk sakin da ke cikin giya da aksil, wanda roba ke ɓoyewa, yanzu ba mai shanye shi. Ga kuma ƙarin nauyi: giris. A dinga bugawa a kowane sabis har sabo ya fito ta kofuna huɗun, a sake bugawa duk lokacin da aka ratsa ruwa ko taɓo. Kuros da ya bushe yakan fara da ƙara kamar kukan tsuntsu da jan ƙurar tsatsa a bakin kofi, kuma idan ya tsinke a guje farfela na iya dukan ƙasan mota.

A ganina, motar da ke kan tsayinta na asali, wadda kwalta ce yawancin hanyarta, a bar ta da robarta, a sayi ta gaske, a duba turken tsakiya da zoben da yake shiga a bakin farfela. Wadda aka ɗaga, ko take aiki nesa da gari, ita ce ta cancanci kuros: ana iya ɗaukar guda a akwatin kayan aiki, kuma bakaniken ƙauye da guduma da soket zai iya canza shi a gefen hanya.