Sabon Firefox: Ina Kayan Aikinmu Suka Tafi?

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu da waya muke duba farashin taki da labarin damina. Manhajar da ke buɗe mana shafukan intanet ita ake kira burauza. Firefox ɗaya ce daga cikinsu.

A watan Agusta na 2020 kamfanin Mozilla na Amurka ya sake gina Firefox ta wayar Android tun daga tushe. Mutane suka wayi gari ƙananan kayan aikin da suka ɗora mata sun daina aiki. Da can akwai dubbai, amma sabuwar ta karɓi tara kaɗai. Jama'a suka fusata ƙwarai.

Ga dalili. In an sake ginin rumbu, tsohon murfi ba ya hawa sai an gyara shi. Haka kowane kayan aiki sai da aka daidaita shi da sabon ginin. Sai a Disamba 2023 aka buɗe fiye da 450.

Kada mu ƙi sabuntawa, gama tsohuwar manhaja ƙofa ce ga ɓarayi. Amma kafin a sabunta, magatakardan ƙungiya ya rubuta adireshin shafukan da muke amfani da su cikin littafi, ya ajiye.